Takawa Sannu, Doka, Gimbiyar da Ƙura Ba Ta Taɓa Ba

Gyara kimtsi! Takawa sannu, Doka, ɗiyar majalisa, jikanyar yarjejeniya, mai sa hannun shugabanni a goshi, mai hatimi a dunduniya. Fara tas maƙiyar ƙura, mai ɗaki a Yamai mai suna a Tasawa. Ke ce garkuwar makahon da ba a taɓa karanta masa ke ba, ke ce muryar kurman da ba a taɓa kwatanta masa ke da hannu ba, ke ce ƙafar gurgu, ko da yake ke kanki ba a taɓa ganin sawunki a rairayin Mayahi ba, don manya ba su yawo. Allah ya ja zamaninki, ya ƙaro miki ƙanne.

Abin da ya tayar da ni da wannan kirari, wasu 'yan tsegumi ne da ke yawo tsakanin tashar Tasawa da kasuwar Mayahi suna ɓata wa wannan baiwar Allah suna. Wai uban da ke da ɗa kurma, ko makaho, ko wanda fahimtarsa ke tafiya sannu, ba shi da mai tsaya masa gaban hukuma har a ba yaron irin karatun da ya dace da shi. Wai ba lauya, ba mai nuna hanya, ba ƙofar ƙwanƙwasawa. Subhanallahi. Mutum ya rasa wanda zai yi wa butulci sai ƙasar da ta ba ɗansa haƙƙi har sau shida, kowanne da lambarsa da kwanan watansa.

A tsaya a ji asali, don ba a yabon 'yar sarauta a tsallake kakanni. A 1990 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, tun tawadarta ba ta gama bushewa ba, kuma sashe na 23 na yaro mai naƙasa ne kacokan. Ranar 2 ga Maris 1993 aka haifi doka mai lamba 93-012 ta kāre naƙasassu. Ranar 1 ga Yuni 1998 dokar tsarin ilimi, 98-12, ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, gwamnati ta lamunce wa yaro karatu daga shekara 4 zuwa 18, har ta keɓe wa ilimi na musamman gurbinsa. A Yunin 2008 aka amince da yarjejeniyar duniya ta naƙasassu, mai sashe na 24 da ya ce a koyar da su tare da sauran yara, a inda suke zaune, da rubutun makafi da maganar hannu. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ɗora sashe na 26, ya ce gwamnati za ta sa ido su samu dama daidai da kowa. Sai 'yar autar gida, 2019-62, ta 10 ga Disamba 2019. Gida ya cika ya tumbatsa.

Amma haihuwar doka kowa ma ya iya. Inda muka yi wa duniya zarra shi ne riƙo. Dokokinmu matan kulle ne, kullen gaske irin na gidan sarauta. An rubuta su da Faransanci don kada bakin talaka ya saba da sunansu, an zaunar da su cikin jaridar gwamnati a Yamai, nesa da rana da iskar hunturu da hannun manomi mai kaushi. Shi ya sa ta 1993, mai shekara sama da talatin a duniya, har gobe kamar jiya aka kawo ta: ba tamoji, ba tabo, ba wanda zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa morar ta har ta gaji.

Mu leƙa ƙasashen da ba su iya wannan riƙo ba, mu gode wa Allah. A Ingila, tun dokar yara da iyali ta 2014, uwa na iya neman a auna buƙatar ɗanta, a rubuta masa tsari nasa na kansa: wace makaranta, wane irin mataimaki, sa'a nawa a mako. An yanka wa ƙaramar hukuma mako 20 ta gama. In ta ƙi, ko ta rubuta abin da bai gamsar ba, akwai kotun da ba ta da wani aiki sai wannan, akwai lauyoyin da da shi suke ci suke sha, akwai ƙungiyoyin da ke ba da shawara kyauta ta waya. Me sakacin ya haifar? Dubban ƙararraki kowace shekara, kuma cikin waɗanda aka yanke wa hukunci, fiye da 9 cikin 10 iyaye ne ke rinjaye. Ka ji abin kunya, hukuma sukutum tsaye gaban alƙali tana share gumi saboda ɗan shekara bakwai. Na Amurka ya fi muni. A 2017 sai da maganar karatun yaro guda mai lalurar otizim ta taso daga jihar Kolorado har Kotun Ƙoli, alƙalai takwas suka haɗa baki suka ce ɗan ci gaban fita kunya bai wadatar ba, dole makaranta ta yi masa tsari mai ma'ana. Manyan mutane takwas, a kan yaro ɗaya! Ina girma, ina kwarjini?

Mu kam Allah ya kiyashe mu. Je ka zauna inuwar bakin kotu a Tasawa ko a Mayahi, ka kasa kunne. Za ka ji iyakar gona, ka ji rabon gado, ka ji mutuwar aure, ka ji shanu sun bar burtali sun auka wa gero. Da wuya ka ji an kira sunan uban da ya zo neman a koya wa ɗiyarsa karatu da hannu. Wane shaida ake nema na gamsuwar jama'a da ya wuce wannan shiru?

Wannan zaman lafiya kuwa ba daga sama ya faɗo ba, aiki ne na masu hangen nesa. Da farko an tattara lauyoyin ƙasar kusan dukkansu a Yamai, inda ma'aikatu da bankuna da kamfanoni suke, don kada su tarwatse cikin karkara su yi arha. Daga Tasawa zuwa can kusan kilomita 800 ne: Gazawa, Agye, Caduwa, Maraɗi, Gidan Rumji, Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutse, Dosso, sannan ka hango birnin masu baƙar riga. Mutumin Kanambakace ko Isawan sai ya fara fitowa Mayahi tukuna kafin ma a soma yi masa lissafi. Duk uban da ya ci wannan hanya da kuɗin buhun wakensa, ya tabbatar wa duniya da gaske yake son ɗansa. Wanda ya kasa kuwa, an tace shi tun daga gida, ba a ɓata wa kowa lokaci ba. In ka ce lauyan ya zo da kansa, to mota da masauki da ladan ƙafa suna wuyanka. Masu gardama kan ce ai Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Tasawa a Janairun 1851, daga Tarabulus, ta cikin hamada, ba kwalta ba mota. Gaskiya ne. Sai dai shi ɗan yawon duniya ne, ba shi da ofis mai sanyi da zai tsare.

Kada wani ya ce an manta da talaka. Ranar 14 ga Disamba 2011 doka mai lamba 2011-42 ta kafa hukumar ƙasa ta tallafin shari'a, ANAJJ, uwar marasa gata, rumfar wanda ba shi da ko dala. An buɗe mata rassa a manyan kotuna, ta jiharmu tana Maraɗi, kilomita wajen 120 kacal daga Tasawa. A dubi hikimar da ke cikin jerin waɗanda ake ba mai kāriya kai tsaye, ba sai sun nuna talauci ba. Akwai yaron da ake tuhuma da laifi. Akwai yaron da aka zalunta, maganarsa ta je gaban kotun hukunta laifi. Akwai naƙasasshen da ake tuhuma, ko aka cuta, wanda naƙasarsa ta hana shi kāre kansa. Ma'ana, kurman yaron nan da ke zaune a gindin bedi yana kallon tsaransa na tafiya lakwal, doka ba ta mance da shi ba, jiransa take. Ranar da zaman banza ya kai shi ya kwance akuyar wani, ranar zai ga gata: ga jandarma, ga alƙalin yara, ga mai kāre shi kyauta, har a shiga neman wanda ya iya maganar hannu ya yi tafinta. Tun da kuma lauyoyi na Yamai, masu kāriyar da ake naɗawa a jihohi galibi mutanen gari ne masu ilimi waɗanda ba lauyoyi ba, cikinsu har da malaman makaranta. Ashe malamin da bai samu damar koyar da shi a aji ba, yana iya samun damar roƙar masa sassauci a kotu. Wa ya ce ba a haɗa ilimi da shari'a a ƙasar nan?

Uban da ɗansa ya ƙi yin laifi kuwa, shi ma ba a rufe masa ƙofa ba. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne, ya kawo takardar shaidar talauci. Wannan takarda ina jinjina mata daban. Talauci abu ne mai daraja, ba a yarda kowa ya yi da'awarsa da fatar baki. Tsagewar dunduniya ba hujja ba ce, rumbun da ya ƙare tun watan azumin tsofaffi ba hujja ba ne. Sai ka hau kabu-kabu ka biya, ka je gari ka ɗauki hoto ka biya, ka kwana gidan ɗan'uwa, ka dawo jibi don mai sa hannu ya tafi taro. Kafin takardar ta fito, ko da can akwai shakka a kan talaucinka, yanzu ta kau.

Bari mu sauko ƙasa mu ga aikin da idonmu. Ɗauki wani magidanci a ɗaya daga ƙauyukan arewacin Mayahi, wajen da kaba ke bin Gulbin Kaba. Yana da ɗiya 'yar shekara bakwai. Tana da huɗu sanƙarau ya kama ta cikin bazara, ya bar ta da rai ya tafi da jinta. Ita da uwarta sun ƙago maganarsu ta hannu: akwai alamar ruwa, akwai ta tuwo, akwai ta kaka, akwai ta baƙo na zuwa. Watan Oktoba ya kama, aka buɗe lakwal, uban ya sa rigarsa ta Juma'a ya riƙo hannunta. Ya tarar da darakta, saurayi ɗan kwantaragi wanda shi ne kuma malamin aji biyu, yana ɗaure zanar da iska ta kwance.

"Mushe, ga ɗiyata na kawo. Tun ciwon nan ba ta ji, amma wallahi da wayonta. Abin da duk ta gani sau ɗaya ta riƙe shi."

"Madalla, Baba. Ai lakwal ta kowa ce, ba mu korar kowa. Ta shiga ta zamna."

"To, ƙaƙa za ta gane abin da ake faɗi?"

"Baba, dubi ajin nan, ko wurin aza ƙafa babu. Ni ɗaya, allo ɗaya. Inda aka horar da mu ba a koya mana maganar hannu ba. Amma ka kwantar da hankalinka, akwai doka a kan irinsu."

"Alhamdu lillahi. Tana ina?"

"Tana Yamai."

A rubuta wannan zance da ruwan zinariya. Ba tsawa, ba kora, ba wulaƙanci. Abin da ƙasashen duniya suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen a 1994 suna ta dogon turanci a kansa, wai a haɗa yara duka a aji ɗaya, mu mun gama shi cikin gaisuwa guda. Yarinya ta shiga ta zauna a ƙasa, can baya, tana kallon bakin malam na motsi da Faransanci. Kuma ba ta zama bare ba. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cikin 'yan ajin ƙarshe na firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin karatu mai gamsarwa ba su cika 1 cikin 10 ba. Wato mai ji da marar ji kusan kunnen doki suke yi. Wace ƙasa ce ta kai nan wajen daidaita 'ya'yanta? An ce daga baya sakamakon ya ɗaga, abin da ke barazana ga wannan daidaito, amma muna kyautata zaton ba za a yi gaggawa ba.

Shi kansa ajin zana ya cancanci kirari. Ba shi da matakalar da za ta hana gurgu shiga, ba shi da ƙofar da keke zai maƙale, ba ya buƙatar taga. Bayan gobarar Nuwamban 2021 a wata makaranta cikin garin Maraɗi, wadda ta ci yara fiye da 20, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai, gwamnati ta hana zaunar da 'yan ajin raino cikin zana. Ga na gaba da su an bar abin ga ƙafafunsu. Wadda ba ta jin an ce "wuta!" da wanda ba ya iya gudu, su ma an ba su amana iri ɗaya da ta kowa, ba a nuna musu bambanci ba.

Yanzu a ce uban nan shaiɗan ya zuga shi, ya ce sai ya nemi haƙƙi. Nan ne zai ga iyakar gwanintar gimbiya. Ƙarar gwamnati ba ta ƙaramar kotu ba ce, sai Maraɗi ko Yamai. Kuma a tsarin shari'ar da muka gada daga Faransa, kafin ka kai hukuma ƙara sai ka nuna matakin da ta ɗauka wanda kake ƙalubalanta. Ina takardar da aka ce an ƙi ɗiyarka? Babu. Wa ya ƙi ta? Ba kowa. Darakta cewa ya yi ta shiga. A ofishin da ke sama da shi za a ba ka kujera, a ce magana tana hannu. Na sama da su zai ce Allah ya ba ta lafiya. Gaskiya ne, shirun hukuma ma yana zama ƙi in ya daɗe, amma sai in ka rubuta buƙatarka, ka ajiye shaidar an karɓa, ka ƙirga kwanaki, ka shigar da ƙara kafin wa'adi ya wuce. Wanda zai gaya maka haka kuwa lauya ne, lauya kuma mun faɗi inda yake. Da'ira ce cikakkiya, ba ta da baki balle ɓaraka. Maƙerin da ya ƙera ta, hannunsa ya huta.

Kafin nan ma akwai takardar haihuwa. Yarinyar a ɗaki aka haife ta, ba a kai sunanta ma'aikatar magajin gari cikin lokaci ba, don haka sai alƙali ya zauna, da shaidu, ya yanke hukuncin cewa lalle an haife ta. Wannan kam ana yi, wani lokaci har alƙalai su fita ƙauyuka su yi zaman a fili, kuma ina ganin ba ƙaramar karamci ba ce kotu ta tabbatar wa mutum ɗiyar da ke riƙe da gefen rigarsa tana duniya. Sai shaidar likita cewa ba ta ji. Na'urar auna ji ba ta cikin kayan ɗakin shan magani na ƙauye, sai manyan asibitocin birni. Uwar da ta shekara uku tana kiran ɗiyarta ba ta waiwayo ba, shaidarta ba ta da hatimi.

In ya haɗa duk wannan, sai a yi masa albishir: akwai makarantar kurame a Maraɗi, akwai a Damagaram, akwai Hassane Bana Bâ a Yamai. In makaho ne, ga makarantar Soly Abdourahamane, ita ma a Yamai, da 'yan azuzuwa a wasu manyan garuruwa. An yi su 'yan kaɗan ne don su yi daraja, an kuma nisanta su da ƙauye don yaro ya koyi jarunta tun yana ƙarami. Abin da ya rage wa uban shi ne ya samo gidan da za su riƙe masa 'yar shekara bakwai wadda ba ta ji, ba ta magana, a garin da ba ta san kowa ba, su ciyar da ita wata tara. Idan ta isa, za ta tarar maganar hannun makaranta tushenta na Amurka ne, ba irin wadda ita da uwarta ko kuramen kasuwa ke yi ba. Ga Faransanci a allo, ga Amurka a yatsu, ga Hausa an baro ta gida. Yarinya daga Gulbin Kaba ta zama 'yar ƙasa da ƙasa ba ta taka jirgi ba.

Ba gwamnati kaɗai ta cancanci yabo ba, kada a ce na yi son kai. Mu ma jama'a mun taka rawar gani. Akwai gidajen da suka fi doka iya kulle: yaron da kansa bai cika ba, ko mai farfaɗiya, ana ajiye shi a ƙuryar ɗaki don sutura, ko mai ƙidaya ya zo ba a ambatarsa, in baƙo ya ji motsi a ce kaza ce. An ce iska ce ta taɓa shi, kuma ba a kai iska ƙara. Ga wanda ya iya fita kuwa mun tanadi makarantar da ba ta taɓa tambayar takardar haihuwa ba, mai kayan aiki ƙwarya ɗaya da sanda ɗaya, mai shugabanni na gado, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, mai ɗaukar ɗalibi ranar da ya zo. Tana ma da ƙarin alheri, don duk makaho guda yana fitar da yaro mai ido guda daga lakwal ya zama ɗan jagora, aji ya ragu, malam ya samu sarari. Mu kuma masu ba da sadaka mu samu inda za mu ajiye ladanmu kowace Juma'a. In da duk sun yi karatu sun kama sana'a, wa zai karɓi dalarmu ya yi mana addu'a? Labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da ya zo neman ilimi har aka saukar da sura a kan lamarinsa, kowane ɗan makarantar allo a Tasawa ya san shi. Mun haddace surar tsaf, muna karanta ta da murya mai daɗi, mun ɗauke ta da girman da ya wuce a ce za a auna sabon ginin aji da ita.

Kuma duk mai cewa gwamnati ba ta kashe wa mabarata kuɗi, a tuna masa Maris na 2022. Da wani gidan talabijin na Senegal ya nuna 'yan Nijar, mata da yara, suna bara a titunan Dakar, cikin 'yan kwanaki aka tashi jirgin sama aka kwaso ɗaruruwa zuwa gida. Jirgin sama, ranka ya daɗe, ba amalanke ba. Ashe kuɗi na nan, kunya ce kawai ba ta kai a fito da su ba, kuma yaron da ke zaune shiru a Urafan ko Korgom ya yi wa ƙasarsa halacci, bai taɓa kunyata ta gaban baƙi ba.

A da akwai wata ƙofa da ke ɗan shigo da iska. A Oktoban 2008 kotun CEDEAO ta zauna a kan ƙarar Hadijatou Mani, baiwar Allah 'yar karkara da aka bautar, ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kāre ta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. A 2010 kotun nan dai ta ce wa Najeriya ilimin farko haƙƙi ne da ake iya nema gaban alƙali. Ka ga irin fitinar da ke iya tsallako iyaka. To, tun Janairun 2025 Nijar ta kammala fita daga ƙungiyar, ƙofar ta rufu, iska ta daina kaɗa labule. Shi kuwa kundin 2010 mai sashe na 26, an dakatar da shi tun juyin mulkin Yulin 2023, kuma abin sha'awa, a ƙauyukan Hawan Dawaki da Maijirgi ba yaro naƙasasshe ko ɗaya da ya ji canji a jikinsa. Wannan shi ne ƙarshen ladabi, babba ya tashi daga majalisa ba wanda ya ji motsinsa. Sabuwar takardar sake gina ƙasa ta Maris 2025 kuma ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Yanzu uban nan yana da damar jin "dawo gobe" da harshen da ya sha a nono, ba tafinta.

Saura Janiba. Nijar ta amince har da ƙarin yarjejeniyar da ta ba mutum damar kai kukansa gaban kwamitin naƙasassu na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke can Janiba ta ƙasar Suwis, kwamitin da ya zauna a kan rahoton Nijar a 2019 ya bayar da shawarwari masu kyau, waɗanda su ma aka shigar da su ɗaki. Sharaɗin kai kuka ɗaya ne tak, ka fara ƙure duk hanyoyin shari'a na cikin gida. Mutumin da bai samu bakin hanyar ba, an ɗauke masa wahalar ƙure ta.

Sau biyu a shekara gimbiya kan leƙo ta taga. Ranar 3 ga Disamba ranar naƙasassu ta duniya ce, ranar 31 ga Yuli ta ƙasa. Ta biyun ta fi burge ni, don an zaɓe ta tsakiyar damina, makarantu na hutu, iyaye na gona, ba mai tayar da maganar aji ya ɓata biki. A kafa rumfa, a jera kujeru, a raba riguna masu rubutu, a miƙa kekuna 'yan kaɗan gaban masu ɗaukar hoto, babban baƙo ya karanta jawabi da lasifika mai ƙarfi domin amfanin kurame. Shugabannin tarayyar naƙasassu ta ƙasa su tashi su maimaita buƙatun bara, a tafa musu da gaske, don maimaici alamar riƙon al'ada ce. Aikin koyarwa kansa kuwa an bar wa baƙi, irin ƙungiyar Handicap International da ta yi aikin shigar da yara naƙasassu makarantu a Yamai da Maraɗi. Hakan ma tarbiyya ce: mai gida na kirki ba ya rige baƙo cin abinci, ba ya kuma rige shi aiki. In kuɗin baƙo suka ƙare ya naɗe tabarmarsa, allon sanarwarsa na nan bakin hanya yana ba da inuwa.

Na ajiye mafi girman baiwarta a ƙarshe, wato cika alƙawari. Dokar 1998 ta ce daga shekara 4 zuwa 18. Ingila da ta yanka wa kanta mako 20, sau da yawa ba ta cikawa, kullum cikin ba da haƙuri take. Namu wa'adin kuwa ba ya kuskure. Yarinyar can ta arewacin Mayahi za ta zauna bayan aji shekara ɗaya ko biyu, ta gaji da kallon baki, ta koma ɗaukar ruwa da surfe. A jihar da mafi yawan 'yan mata ke shiga ɗakin miji kafin 18, watakila ma ta sauƙaƙa wa hukuma lissafi. In kuma ta zauna, ranar da ta cika 18 lamunin gwamnati ya ƙare bisa ƙa'ida, maganarta ta rufe kanta, ba lauya, ba zaman kotu, ba wanda aka kayar, ba wanda ya ji kunya. Shekara 14 cur aka lamunce mata, kuma ba a taɓa jin hukuma ta roƙi a ƙara mata ko kwana ɗaya ba.